Goyon Artemio

A ƙauyenmu na bakin kogin Mayo, idan ka ce Artemio Sangama sai an tsaya tunani. Amma ce "Mai Goyo", yaro ma zai nuna maka gonar kofinsa da baki. Yanzu ya tsufa, sunan kuwa ya samo shi ne tun shekarar da matarsa Orfelinda ta haifi 'yarsu ta fari.

Haihuwar ta zo da zazzaɓi. Nono akwai, amma ƙarfin ɗaga jaririyar babu. Sai ga uwar matar, Mama Felipa, ta iso daga garin Lamas, mace ce da ba a yi mata musu.

"Ranar Lahadi zan tafi da yarinyar nan," in ji ta. "Madarar gwangwani ma tana raya ɗa. Kai namiji me ka sani, in ban da adda?"

Artemio ya sunkuyar da kai. Ya san yaran da ake kai wa kaka ba su cika dawowa ba, ya kuma ga yadda Orfelinda ta juya fuska bango tana kuka ba sauti. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Da safe ya tafi gona don kawai ya bar gidan. A kurmin da ke bayan kofinsa akwai biran nan da muke kira tokon, waɗanda ba su fi kyanwa girma ba, masu farin gashi kewaye da fuska. Tun yana yaro yake jin waƙarsu, miji ya ɗauka, matar ta amsa, har kurmi ya cika, amma bai taɓa tsayawa ya dube su ba. Ran nan ya zauna.

Biyu daga cikinsu suna kan reshe kafaɗa da kafaɗa, jelarsu a naɗe da juna kamar kitso. Ɗaya na goye da ɗan mitsitsin jariri. Can sai jaririn ya rarrafa ya koma wurin ɗayar, ya kama nono. Yana ƙoshi ta ɗan ture shi, ya koma bayan mai goyon. Artemio ya saki baki. Ashe mai goyon uban ne! Shaho ya gilma, jaririn ya ƙanƙame gashin uban, uban ya shige ganye da shi. Ruwa ya fara yayyafi, ya duƙa ya kare shi da jikinsa.

"Ikon Allah!" in ji Artemio, tsigar jikinsa na tashi. "Wa ya koya maka?"

Ya dawo gida ya ɗauki tsohon zanen matarsa ya saɓa 'yarsa a baya. Ɗaurin kam abin dariya ne. Da ita ya yi tsinkar kofi, da ita ya ɗebo ruwa, in ta yi kuka ya kawo ta gun uwa ta sha, ya karɓe abarsa. Maza kuwa suka samu abin yi.

"Sannu da jego, Artemio! A dama maka kunu?"

"Ku dama, da suga," ya ce, ya wuce.

Lahadi Mama Felipa ta ɗaure kayanta, mai babur yana jira a ƙofa. Artemio ya fito da goyo. Ta zagaya shi tana kallon yarinyar da ke barci, kumatu a manne da wuyan uban.

"Kwance ta," in ji ta.

Ya kwance goyon. Ta karɓe ta, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta buɗe ƙunshinta, ta zaro majanyin saƙa da ta goyi Orfelinda da shi.

"Juyo, sakarai. Da wannan ɗaurin naka za ka yar mini da jika a rami. Duƙa in nuna maka."