Iya Yinka Ta Ajiye Niƙa da Yatsunta Cif

Kowace safiya, kafin Adetutu ta tayar da injin niƙanta a kasuwar Lolo, sai ta ɗaure ɗankwali tam, ta soke bakin zane, ta zagaya ta duba bel ɗin da ke juya injin. Iya Yinka ake ce mata. Ko layi ya kai bakin titi, in mace ta matso hijabi na lilo, Iya za ta kashe injin ta ce, "'Yar uwa, tattara shi tukuna."

Haliru, mai injin da ke daura da nata, ya daɗe yana jin haushinta. Mutum ne mai zafin nama, ba ya son jira. Injin na gudu yake gyara bel, don matan da ke tsallakowa daga Benin su ga gwaninta, kuma a haka ya rasa yatsu biyu. Ga shi layin Iya ya fi nasa tsawo, har matarsa Asma'u can take kai gero.

"Mi kuka gani ga tsohuwar nan?" ya taɓa tambayarta. "Kamin ta gama kwano na gama buhu."

"Wurinta hankalina kwance yake, Malam," in ji Asma'u.

Wata ranar kasuwa bel ɗinsa ya cafke hijabin Munira, wata mai ciki daga Geza. Haliru ya rikice, ya kama hijabin yana ja-in-ja da injin. Iya ce ta tako, ba ihu, ta kashe shi, ta yanke hijabin da wuƙa. Munira ta tashi da shati a wuya kawai. Iya ba ta taɓa tayar masa da zancen ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Bana ciwon ƙafa ya sa ta ajiye aiki. Ranar sallama mata sun cika rumfarta suna riƙe hannayenta. Haliru ya kalli hannayen, ya cusa nasa a aljihu.

"Sa'a ce kawai," ya ce.

Iya, ba sa'a ba ce, halinki ne. Ke ce mai sanyin da aka yi wa dariya, ga shi ba wanda ya taɓa zubar da jini a rumfarki. Mun gode, uwar masu niƙa. Ku kuma masu injin, in kishinta ya kama ku, ku yi kishin haƙurinta: ku kashe injin kafin ku miƙa hannu.