Malam Inoussa Mai Waya da Zuciyar Haoua

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Inoussa Chaibou a shekarar 1914 a birnin Agadas. Mahaifinsa Chaibou baduku ne, sunan mahaifiyarsa Biba. Bayan ya sauke Alƙur'ani aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, inda malamai suka shaida cewa rubutunsa abin tausayi ne, amma kunnensa ba ya kuskure.

Aiki da Iyali

A 1935 ya kama aiki a gidan wayar Agadas, yana sauraron saƙonnin da ke zuwa da bugu gajere da bugu dogo, yana mayar da su haruffa. A 1938 ya auri Zeinabou, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Jinyar Haoua

A 1952 'yar farinsa Haoua ta fara suma ba gaira ba dalili. Likitan gari ya saurari ƙirjinta na minti ɗaya, ya ce zazzaɓi ne. Inoussa kuwa ya riƙe wuyan hannunta ya ji bugun zuciyarta yana tsallake, kamar saƙon da waya ta yanke. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Kwana arba'in yana rubuta bugun a littafi bayan kowace salla, da alamomin aikinsa, har abokan aiki suka riƙa tambayarsa ko zuciyar ta aiko da amsa. Da likitan ya karanta littafin, sai ya tura yarinyar Dakar.

A can aka liƙa mata wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta zana bugun a takarda, zanen ya zo daidai da littafin. Aka bayyana wa Inoussa cewa kowace ƙwayar tsokar zuciya tana tara 'yar wutar lantarki, ta sake ta, ta miƙa wa maƙwabciyarta, kuma sai saƙon ya iso tsokar ke motsawa. Aka ba Haoua magani, suman ya ɗauke. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa yakan ce: "Tsarki ya tabbata ga Allah. Mu muna kafa sanduna a hamada, ashe Shi ya riga ya ja waya a ƙirjin kowa."

Rasuwa

Ranar wata Laraba da hantsi, a watan Maris na 1959, zuciyarsa ta tsaya yana kan teburin aiki. Mutumin da ya ƙirga bugun 'yarsa sau ɗari biyu bai taɓa sauraron nasa ba. An yi masa sutura bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gari kusa da mahaifinsa. Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa Zeinabou da 'ya'ya huɗu: Illiya, da Mamman, da Habsa, da Haoua, wadda take raye da jikokinta, kuma a hannunta aka ga littafin.