Jinyar Itacen Ɗan Fari

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Innarmu ta kama sunan Yayanmu ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce, waɗanda ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Idan ta matsu sai ta ce "wancan", ranar da take cikin fara'a ta ce "yayanku". Ba ta zuba masa abinci da hannunta, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Ni da na zo a tsakiya, ba fari ba auta, sunana ba ya hutawa a bakinta, sai dai kullum aike ne ko faɗa.

Da Yaya zai tafi ƙasar waje karatu, karatun da ya rikiɗe ya zama aiki, aikin kuma ya ƙi ƙarewa, sai ya kawo wani ɗan itace gidanmu na Gyadi-Gyadi. A Jos ya sayo shi. Tsayinsa bai wuce kamu biyu ba, yana zaune cikin wata tukunya mai faɗi kamar akushi, jikinsa a murɗe, ganyensa tsinke-tsinke kore shar. Ya ce sunansa junifa, irin renon da ake yi masa kuma shi ake kira bonsai: a datse saiwa, a datse reshe, a hana shi girma da gangan. Inna ta ce wannan ai zalunci ne, kuma ita ba ta ga amfanin itacen da ba inuwa ba 'ya'ya, wanda ko akuya ba za ta kalla ba. Yaya ya ɗora shi a kan dakalin tsakar gida, ya ce a riƙe masa amana har ya dawo, a bar shi a waje ya sha rana. Ta kau da kai ta ce ita ba maigadin kowa ba ce.

Bai daɗe da tafiya ba ta tura akuyarta ƙauye. Wai kukanta ne ya dame ta, akuyar da ta shekara da shekaru tana kuka a gidan nan ba wanda ya ji ƙorafi.

Ni a Tarauni nake aure, wajen Babban Giji, kuma kusan kullum sai na hau adaidaita sahu na zo mata da cefane ko maganin hawan jini. Kafin in ajiye leda za ta ce in duba mata abin yayanku, kamar wani reshe ya sunkuya. Ni ko na zo da ciwon kai ne, sai ta ce rashin barci ne, in rage kallon waya. Ba zan ɓoye ba, na yi kishi da itace, kishi na gaske har da tura baki. Idan kuwa Yayan ya bugo waya, iyakarta ta ce, "Lafiya? To madalla," ta miƙo mini. Daga nan ta ɗauko farantin shinkafa ta zauna tsinta a daidai inda ko tarinsa ba zai wuce ta ba.

Haka muka yi ta tafiya har wata shekara da sanyi ya zo da ƙarfinsa, irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori da safe. Sai ganyen ya fara sauya launi. Daga baki-baki abin ya soma, kamar lallen da ya fara koɗewa, kafin ka ce kwabo duk itacen ya koma ja-ja mai duhu. Da hantsi Inna ta kira ni a waya, ta ce in zo maza ba lafiya. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Na iso da haki na tarar da ita garau, marar lafiyar yana kan dakali.

A wurin Inna, duk mai rai idan sanyi ya kama shi maganinsa ɗumi ne, haka ta yi jinyar kowa a gidan nan. Ta sa na kinkimo tukunyar na kai ɗakinta, na ajiye a gefen gado. Ta rufe tagogi, ta naɗe tukunyar da tsohon zane, ta hura kaskon garwashi ta tura kusa da shi. Safe da yamma tana ba shi ruwan ɗumi daga butar alwalarta. Ta aika gidan maƙwabta roƙon kashin awaki don taki, tunda ta kori tata akuyar, wai majinyaci sai da abinci mai kyau. Har ruwan zamzam ɗin da ta ɓoye a ƙasan akwati, wanda ta hana ni ko kurɓa ɗaya lokacin da nake laulayi, shi ma an yayyafa masa. Na ce saura kunun kanwa, tunda wankan jego ake yi. Ta jefe ni da mafici.

Na ce mu tambayi mai abin mana. Ta ce idan na sake na buɗe baki na faɗa masa, kada in ƙara tako mata gida. Da wane ido za ta ce masa amana ta lalace a hannunta? Ita dai ba mai camfi ba ce, ta sha faɗa. Amma na lura tun da ganyen ya sauya ta rage cin abinci, kuma na gane abin da ba za ta taɓa furtawa ba: a ganinta itacen nan ne kaɗai abin da Yaya ya ce zai dawo dominsa, in ya mutu shi ke nan. Ga shi kuma tun da aka shigar da shi ɗaki sai abin ya ƙara gaba, ganyen ciki ya fara bushewa, kana taɓawa yana zuba a hannunka.

To, an hana ni faɗa, ba a hana ni tsayuwa ba. Ranar Juma'a da ya kira ta bidiyo, na shiga ɗakin Inna na juya wa itacen baya, na ɗaga wayar sama kamar mai neman sabis, ina ta ba shi labarin tsadar tumatir.

"Tsaya," in ji shi. "Me itacena yake yi a ɗaki? Wuta ce wancan a gefensa?"

Na ce wallahi ni ban ce komai ba, kuma gaskiyata ce. Inna ta zabga mini hararar da har yau ina jin ta a ƙeyata, ta ci gaba da jan carbi kamar ba da ita ake ba.

Ya yi dariya, sannan ya yi bayani. Jan nan ba ciwo ba ne, haka junifa ke yi idan ya ji sanyi, hutawa yake, da zafi ya dawo zai koma korensa. Ɗaki da hayaƙi da ruwan ɗumi su ne za su kashe shi. A mayar da shi waje inda rana ke faɗa masa amma iska ba ta dukansa. A kwashe takin sai sanyi ya wuce. Ruwa kuwa na randa, shi ma sai an tura yatsa an ji ƙasar ta fara bushewa. Ya ce a ɗan kankare bawon da farce, in an ga kore a ƙasa to da ransa. Bai rufe baki ba na ji motsi a bayana. Wadda ke jan carbi har ta kankare, ga kore ya bayyana, tana ta hamdala ƙasa-ƙasa.

Na tambaye shi yaushe zai zo ya ga abinsa. Ya sosa kai ya ce bana dai da wuya, aiki ya yi yawa, sai baɗi in Allah ya kai mu. Abin da ya ce bara ke nan.

Inna ba ta kalli wayar ba. Ni ta kalla. "Tambaye shi, irin wannan itacen shekara nawa yake yi?"

Ya amsa da alfahari, ya ce in ya samu kulawa ya fi mutum daɗewa, a can har gadonsa ake yi daga kaka zuwa jika. Ta ce to madalla.

Da muka kashe waya ta hana ni taɓa tukunyar. Da kanta ta kwance zanen, ta kwashe takin, ta rungumi tukunyar ta fita da ita tana nishi, ta ajiye a lungun da rana ke sauka da hantsi. Na tsaya ina jiran faɗan da na san na saya da kuɗina. Sai ta ce in tsuguna. Ta kama yatsana ta tura cikin ƙasar, ta riƙe shi a nan. Hannunta ba nauyi, duk ƙashi, ban san yaushe ya zama haka ba. Tsoro ya kama ni.

"Ki koya da kyau," ta ce. "Shi zai iya jiran mai shi. Ni ban sani ba."

Ƙasar da sauran laima, don haka ranar ba mu ba shi ruwa ba.