Ita Ke Riƙe da Makulli

Duk layin Mai Guga ake ce mata, har ɗan da ta haifa. Teburinta yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran waya da tela. Idan ka miƙa mata riga, hannuwanta za ka fara gani. Fatar ta saɓule ta warke ta sake saɓulewa, farata sun yi kauri sun karkace. Tela kan tsokane ta wai ko da hannu ta shafa riga za ta gogu. Maganin wanki ne ya cinye su.

Tana da ƙuruciya mijinta ya rasu, ya bar mata yaro da bai daɗe da fara tafiya ba. Sai wani mutum mai fara'a, mai gidan wankin zannuwan otal a wata ƙasa, ya ce ta zo ta yi shekara guda ta dawo da jari. Ta bar yaron wurin mahaifiyarta, aka tsallaka da ita iyaka a bayan mota ba takarda. Sai da yaron ya fara gemu ta dawo.

Mutumin ya iya mugunta, a ba shi wannan. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa kulle ta ba. Makullin gidan wankin ma ita ya damƙa wa. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, ta kwana a bayan injin busarwa kan tsofaffin zannuwa. Albashi kuwa kullum ana ajiye mata. Idan ta yi zancen gida, ya tuna mata abin da 'yan sanda ke yi wa marasa takarda. In ta sake yi, sai ya yi tafiya ya dawo yana murmushi.

"Na biya ta gidanku," zai ce. "Yaron ya girma. Shi kaɗai yake zuwa makaranta, ta wannan hanyar da ba kowa. Ki riƙa yi masa addu'a."

Ta kan gane, ta koma bakin inji.

Da wata abokiyar aikinta ta yanke jiki ta faɗi, asibiti ya kira hukuma, asiri ya tonu. Wata lauya ta ƙungiyar agaji ta tsaya mata, aka kai mutumin kotu kan safarar mutane. Ranar zama, da Mai Guga ta gan shi, bakin da ya saba ya riga ta.

"Baba, ina kwana?"

Lauyansa ya miƙe da fara'arsa.

"Ya taɓa dukanki?"

"A'a."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni."

"Yana ziyartar ɗanki?"

"Yana zuwa."

Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, gaskiyar ce ta kayar da ita. Dokar wancan lokaci ba ta yarda an ci da gumin mutum ba sai ta ga sarƙa, ko kwaɗo a ƙofa, ko tabon bulala. Alƙali ya ce rigimar albashi ce tsakanin ma'aikaciya da ubangidanta, har ya yaba wa mutumin da zumunci. Shi ya koma gidan wankinsa, ita aka sa ta a mota zuwa iyaka.

Ta tarar mahaifiyarta ta rasu, hukuncin kuma ya riga ta isowa. Ɗanta ya zama bakanike. Ba ya mata rashin kunya, yana gaishe ta kamar yadda ake gaida maƙwabciya. Sau ɗaya ta zaunar da shi ta faɗa masa komai, ya saurara har ta gama.

"Alƙali ma ya ce babu wanda ya riƙe ki," ya ce.

Wannan maganar ta fi hannuwan ciwo. Da matarsa ta sami ciki, ya faɗa ba a ɓoye ba cewa surukarsa ce za ta yi reno. Mai Guga ba ta neman komai a duniya sai a ɗora mata jikan nan a baya.

Wata rana rediyon mai gyaran waya ya faɗi cewa ƙasar can ta gyara dokarta. Yanzu ko ƙofa a buɗe take, in ka riƙe mutum da tsoro, ko da rashin takarda, ko da barazanar da aka naɗe cikin gaisuwa, laifin safara ne. Mai Guga ta ajiye dutsen guga a kan rigar mutane har ta fara ƙauri. Ta roƙi maƙwabcin ya nemo mata lauyar a waya.

"Mama!" in ji lauya cikin murna. "Shari'arki aka yi ta kafa misali da ita. Ke kika canza dokar nan."

"To, 'yata, yaushe za a sake zama?"

Lauya ta sassauta murya.

"Mama, doka ba ta komawa baya. Kuma an riga an sallami mutumin."

"Ba shi nake nema ba. So nake alƙalin ya faɗa da bakinsa cewa an riƙe ni, ɗana ya ji."

Babu alƙalin da zai faɗa, in ji lauya. Amma za a yi taro a otal, suna so ta zo ta ba da labarinta, za a tafa mata. Otal, inda zannuwan suke. Mai Guga ta miƙa wa mai waya wayarsa.

Duk da haka ta tafi gareji, don uwa ba ta da zuciya. Ta sami ɗanta ƙarƙashin mota, ta tsaya tana yi wa ƙafafunsa bayani. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"To, sun ce an cuce ki?"

"Sun ce duk wadda aka yi wa haka nan gaba, an cuce ta."

"Ke fa?"

Ya dubi ƙasa, ya sake goge hannun da ya riga ya goge.

"Ta haihu tun makon jiya," ya ce. "Mace ce. Tana wurin kakarta."

Mai Guga ta tsaya jira ko zai ce wace kakar. Ya ɗauki sifanarsa ya koma ƙarƙashin mota.