Malam Edwin da Jirgin da Ba a Yi wa Rakiya

'Ya'yan manoman Sukuntuni sun san gero da gyaɗa, amma ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi rafi. Wanda ya kawo masu teku shi ne Malam Edwin, mutumin kudu, da aka turo koyarwa yana saurayi, ga shi bana ya yi ritaya da furfura.

Kullum da safe yakan jingine kekensa a gindin dalbejiya, ya gaida kowa da Katsinanci, ya shiga aji. Ranar darasin jirgin ruwa kuwa, fili yake fitowa da yara, ya zana jirgin a ƙasa da kara. Rabi su shiga, rabi su tsaya waje a matsayin dangi.

Sannan ya ba da labari a hankali. Jirgin Jamusawa ne, Ingila ta karɓe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta sauya masa suna. Ya kwaso mutanen tsibiran Karibiyan, baƙaƙe kamarmu, zuwa Ingila neman aiki. Da yawa sun ce ba za su daɗe ba, tsufa ya riske su can. Jirgin kuma daga baya ya kama wuta ya nutse.

A darasinsa na ƙarshe, wata yarinya, Adawiyya, ta bar wurin dangi ta nufi zanen jirgin.

Malam ya ce: "Adawiyya, kin faɗa teku!"

"Malam, yayata ce a ciki. Ba za ni raka ta ba?"

"Mai tafiya a jirgi ba a raka shi, ɗiyata. Ƙafa nan take tsayawa, sai ido."

"To kai wa ya raka ka?"

"Mahaifiyata, har tasha. Na ce mata shekara biyu zan yi."

"Ka koma?"

"Na koma. Ranar jana'izarta."

Mu iyayen Sukuntuni muna cewa: Malam, kai ne baƙon da ya riƙe mana 'ya'ya, naka gidan yana nesa. Ko za ka zauna, ko za ka tafi, mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai matasa, ku fito da yara fili kamar yadda ya yi.

Da Adawiyya ta koma gida, ta ce wa uwarta: "Inna, ashe Malam kewar gida yake yi, tun ba a haife mu ba."