Muryar Ɗan Farina a Tsohuwar Waya

Mu huɗu ne ranar a rumfar gyaran waya a kasuwar Dutse: ni, da autata, da mijinta da ya kawo mu a a-daidaita-sahunsa, sai mai gyaran. A lokacin ni ce tsohuwar da ko jikoki ba sa yi wa wasan kaka. Ban yi boko ba, ina faɗa ne autar tana rubuta muku.

Wayar, ɗan farina ne ya saya mini, irin mai maɓallai da ake cewa ko a turmi aka daka ta sai ta yi kira. Mu Fulanin wajen Miga ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zaman hira da shi. Da ya ga ba na gane rubutu, sai ya naɗi muryarsa ta zama ƙarar kiransa, yana cewa Inna ta ɗauka, shi ne ke kira, kuma kada ta fara da faɗa. Harara kawai na ba shi. Da motarsa ta kife a hanyar Ringim ya rasu, ban zubar da hawaye gaban kowa ba. Amma kullum bayan azahar nakan tura ƙofa, in danna inda ya koya mini, in ji shi. Ba wanda ya sani.

Da wayar ta fara ɗaukewa muka kai ta gyara. Mai gyaran ya jujjuya ta, ya ce kamfanin da ya ƙera ta an sayar da shi, waɗanda suka saya ma sun gaji sun sayar, yanzu suna kawai ya rage, kamar a tafi da saniya a bar maka igiya. Kayan gyaranta sun daina zuwa. Sai dai ya wanke ƙwaƙwalwarta ko za ta farfaɗo, kuma duk abin da ke ciki zai tafi. Ya tambaye ni ko akwai abin da zai gwada kwashe mini tun tana numfashi, ko kuwa Hajiya saurayi ta ɓoye a ciki.

Autar ta yi dariya, surukina ya sunkuyar da kai. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. To, da wane baki zan faɗa a gaban suruki, a tsakiyar kasuwa, cewa ɗan fari nake ɓuya ina saurare? Na ɗaure fuska na ce ya yi aikinsa ya bar surutu. Ina tsaye ina kallo ya jona ta ya wanke ta.

Wayar ta tashi garau, har yau tana aiki. Da na koma ɗaki na danna wurin, sai kiɗan kamfani.

Kunya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba. Amma 'yan'uwana mata, masu ƙera wayoyin nan ba su san da mu ba, yau suna nan gobe sun sayar sun watse. Abin da kike ƙauna kada ki bar shi a wuri ɗaya, kuma ki faɗa wa ko mutum ɗaya tun da sauran hali.

Washegarin gyaran na hau mota zuwa Ringim wurin matar ɗan farina. Na kira sunansa da bakina, na tambaye ta ko tana da muryarsa. Ta ce babu, sai dai babban ɗansu tun da muryarsa ta buɗe, in ya yi sallama gabanta kan faɗi, don sak ta ubansa ce. Na shimfiɗa tabarma na ba ƙofa baya, na zauna jiran yaron ya dawo daga gona.