Gwiwar da Ba Ta Taɓa Ciwo Ba

Ranar Talata, uku ga watan nan, ina shago da tef a wuya ina gwada wa wani wando, yayata ta kira ni ta ce ka cika, Malam. Ka yi sallar La'asar, ka kishingiɗa a falo, shi ke nan. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Malam, mijin yayata, ka koyar a makaranta shekara talatin, ɗalibanka za su faɗi nasu. Ni nawa na kan tsauni ne.

Kai ka fara ja na can, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ka shigo shago ka dubi tumbina ya tokare keken ɗinki, ka ce, "Tela, in ba ka fara tafiya ba, yayarka za ta rasa ƙane." Daga nan duk Asabar ɗin farkon wata sai ka zo da sanda biyu da fulas ɗin shayi. Mu hau ta gefen gabas, mu kama doron tsaunin, siririyar hanyar nan mai kwari dama da hagu, ƙololuwa tana can gaba kanta cikin gajimare. Ba ka taɓa barin kowa a bayanka ba. In ka ga tarin duwatsun da ke nuna hanya ya rushe, sai ka durƙusa ka gyara, wai saboda baƙon da ba ka sani ba. Ka taɓa ba wata baƙuwa rigar sanyinka, ka sauko haƙoranka na kaɗawa kana cewa zafi kake ji.

Abu ɗaya nake so a tafiyar nan, in taka ƙololuwar ko sau ɗaya. Ban taɓa takawa ba. Akwai wani falalen dutse, saura tafiyar awa guda a kai. Kullum muka iso nan sai ka dafa gwiwa ka ce, "Tela, ta tashi. Yi haƙuri mu juya." Mu zauna mu sha shayi, mu gangaro.

Wallahi na ci maka fuska a kan gwiwar nan. A gaban 'ya'yanka nake ce maka tsoho mai ran ƙarfe da gwiwar kwali. Na ce kai ka hana ni kafa tarihi. Man zafi kuwa na saya maka ba adadi, har ɗaurin gwiwa na ɗinka maka da ragowar yadi. Ka karɓa da hannu biyu, kana godiya kana dariya.

Kwana uku da rasuwarka, yayata ta kira ni ɗakinka ta jawo durowa. Ga kwalaben man zafina a jere, ko murfi ba a buɗe ba. Ga ɗaurin gwiwa a ninke.

Na ce, "Yaya, bai shafa ba ke nan?"

Ta ce, "Ya shafa a ina? Lafiyar gwiwarsa ƙalau. Washegarin kowace tafiyarku yakan koma shi kaɗai har ƙololuwa. Numfashinka yake saurara. Ya ce daga falalen nan ƙirjinka ke fara fito kamar usur, kuma ya san halinka, gara ka faɗi matacce da ka ce ka gaji."

Na zauna a bakin gadonka na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Kunya ta kama ni, Malam, kuma ƙaunarka ta ƙaru a raina a lokacin da babu halin in gaya maka.

Asabar da ta wuce na ɗauki sandarka na hau ni kaɗai, na yi niyyar sai na kai. Na gyara tarin duwatsu biyu a hanya. Ina isa falalen na ji abin da ka shekara goma sha ɗaya kana ji, ƙirjina yana fito kamar tsohuwar buta a kan wuta. Na zauna ina jiran wani ya ce gwiwarsa ta tashi. Babu wanda ya ce. Na daɗe ina kallon ƙololuwar, sannan na juyo da kaina, don na san abin da za ka so ke nan.

Ina yi wa yayata ta'aziyya, da 'ya'yanku huɗu, da ɗalibanka, da duk wanda ya taɓa bin duwatsun da ka jera bai san hannun wane ne ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka 'yar ƙaryar gwiwar nan, domin ni ka yi ta. Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa min. Ya kai ka can ƙololuwar Aljanna. Wannan karon, Malam, kada ka juya saboda kowa.